Dalar Hong Kong: kuɗin banki ce ko ta gwamnati?

Alhaji Garba: Jama'a, ni fa ban yarda da kuɗin Hong Kong ba. Ka jera takardun dala ɗari guda uku: wannan ta HSBC mai zaki, wannan ta Standard Chartered, waccan ta Bank of China. Kuɗin da 'yan kasuwa suka buga, ran da suka karye ai mai riƙe da su ya shiga uku.

Malam Sani: Ranka ya daɗe, ba kara zube suke bugawa ba. Tun Oktoban 1983, kafin banki ya fitar da dalar Hong Kong 7.80 sai ya ajiye dalar Amurka ɗaya a asusun gwamnati, a ba shi takardar shaida. Ko bankin ya faɗi, dalar tana hannun hukuma.

Hajiya Rabi: Malam, kar ka raina tsoron Alhaji. Oriental Bank, wanda ya fara fitar da takardun kuɗi a garin tun kafin a kafa HSBC a 1865, ai rushewa ya yi a 1884.

Malam Sani: Gaskiya ne Hajiya, amma wancan zamanin azurfa ne, kowane banki da abin da ya tara a rumbunsa. A 1935 aka bar azurfar, gwamnati ta karɓe ta daga bankunan, ta kafa wannan asusun.

Usman: To in haka ne, Baba Alhaji, bankunan suna kawai suke sakawa. Gwamnati ce ke buga tsabar ƙarfe, har da takardar dala goma tun 2002. Me ya hana ta haɗa duka?

Hajiya Rabi: Siyasa, ɗana. Bank of China sai a 1994 ya shigo, saura shekara uku Birtaniya ta miƙa garin ga China. Kana ganin Beijing za ta so a cire sunan bankinta yanzu? Kuma ku tuna lokacin da Japan ta mamaye garin a 1941: an tilasta wa manyan HSBC sa hannu a takardun kuɗin da ba a ajiye komai a madadinsu ba. Bayan yaƙi, a 1946, aka amince da su, ba a bar mutane da asara ba.

Alhaji Garba: Yawwa! Ashe sai da hukuma ta sa baki. Maganata ke nan.

Malam Sani: A'a Alhaji, cewa ka yi kuɗin 'yan kasuwa ne. Yanzu kuma ka dawo layina.

Alhaji Garba: In dalar Amurka ce jinginar, ni gara in riƙe ita kanta.