Zafin bak aksul bayan doguwar tafiya, haka yake ko akwai matsala?

mai_hilux_kn:
Assalamu alaikum 'yan uwa masana mota, don Allah shawara nake nema. Ina da Hilux tsohon yayi da nake ɗauko buhunan riɗi da wake da ita daga wajen Maigatari zuwa Dawanau, to jiya da rana na tsaya a Gujungu sai na leƙa ƙarƙashinta na kai hannu kan ƙoƙon aksul ɗin baya, wurin nan mai kumburi a tsakiya, wallahi ko ƙiftawar ido ban iya riƙewa ba na janye. Motar ba ta kuka, ba ta girgiza, ba ta ja gefe. Abinda kawai aka taɓa mata shi ne kwanakin baya an canza min sil na gaba inda farfela, wato dogon ƙarfen nan da ke kawo juyi daga giyabos, ke shiga saboda yana yoyon mai. Shin dama haka wurin yake zafi ko wani abu ne ke cin kansa a ciki? Motar nan da ita nake ci da iyali shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Alhaji kwantar da hankalinka tukuna, hannu ba ma'auni ba ne. Fatar mutum da ƙarfe ya kai digiri 55 zuwa 60 ba ta iya daɗewa a kai, shi kuma aksul lafiyayye in ya yi tafiyar awa ɗaya a kwalta yana kaiwa 65 zuwa 95 kuma ba komai. In da lodi mai nauyi ga zafin bazara irin namu yana iya haura 100. Inda ake fara jin tsoro shi ne ya doshi 120 ya zauna a nan, don daga wannan wurin man giya na gama-gari yake fara tsinkewa yana ƙonewa, haƙoran giya su rasa abinda zai raba su.

Dalilin zafin kuwa, haƙoran kuraun da finiyon, wato babbar giyar da ke cikin ƙoƙon da ƙaramar da farfela ke juyawa, ba turin juna kawai suke ba, goga juna suke yi suna zamewa, ga boris suna juyawa da nauyin kaya a kansu, sannan wurin ba shi da lagireto ba shi da fanka, man da ke ciki da iskar da ke bi ta ƙasa su ne kaɗai ke sanyaya shi, iskar ma daga kan kwalta mai zafi take tasowa. To ka ga dole ya ɗau zafi.

Ka nemi bindigar auna zafi ta masu gyaran inji, amma ba irin wadda ake ɗora wa mutane a goshi lokacin korona ba, waccan iyakarta arba'in da 'yan kai. Kana tsayawa ka auna wuri uku: bayan ƙoƙon, hancinsa inda farfela ke shiga, sai kusa da kowace taya. Kawo mana lambobin.

dan_tasha77:
oga nima nataba shiga irin wannan da hiace dina, ashe dan bututun numfashin nan na saman aksul ne laka ta toshe shi bayan damina, in mai yayi zafi iskar ciki bata da hanyar fita saita turo mai ta sil, kana canza sil yana kara yoyo mai yana raguwa baka sani ba. kaduba shi wlh abu ne dan karami amma yana jawo asara. sannan kaduba tayoyin baya kada ace daya tafi daya girma ko daya sabuwa daya ta sude, don kananan giyoyin ciki da aikinsu sai a kwana zasu ringa juyawa ko a mikakkiyar hanya. ni shawarata kazuba mata mai 140 mai kauri kahuta

Injiniya_Zariya:
Maganar bututun numfashi da ta taya gaskiya ne ɗan uwa, amma batun a zuba 140 a huta ban yarda da shi ba. Mai kauri ba ya kashe zafi, wani lokacin ma ƙara shi yake don giya tana shan wahalar kaɗa shi. Amfanin 85W-140 shi ne yana riƙe kaurinsa in wurin ya yi zafi sosai, shi ya sa masu manyan lodi ke son sa, amma in boris ne ya matse ko ka zuba me ba zai warke ba, ɓoye ciwon kawai za ka yi. A bi abinda littafin motar ya ce, kuma abinda ba wasa a kai shi ne a ga GL-5 a jikin galan ɗin, shi ne aka yi don irin haƙoran nan masu goga. Abinda ke ba ni haushi shi ne man awo da ake sayarwa a bakin titi a gorar ruwa, ba ka san me aka haɗa ba, aksul kuma ba arha ba.

Alhaji ka sa a kwance notin zuba mai motar tana tsaye a wuri mai daidai, ka sa ɗan yatsa. Man ya kasance dab da bakin ramin, kada ya gaza kada kuma a cika shi ya wuce, in ya yi yawa kumfa yake yi. Man giya dama yana da ɗan warin ƙibiritu wato farar wuta, wannan ba laifi ba ne. In ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri to ya ƙone, in ya yi fari-fari kamar koko ruwa ya shiga. Notin ƙasa na juye mai yana da maganaɗisu, ɗan laushin garin ƙarfe a jikinsa ba komai, amma in ka ji ɓarɓashi yana sukar yatsa to akwai magana.

mai_hilux_kn:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na aro bindigar wajen wani mai gyaran janareta, yau da lodi na auna ina tsayawa. Bayan ƙoƙon 84, wajen tayoyi duka biyun ba su kai 60 ba, amma hancin nan wajen farfela 109. Mai yana nan daidai bakin rami kuma bai yi baƙi ba, bututun ma na cire na busa yana wucewa.

Tsohon Bakanike:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. 84 da lodi lafiya lau ne, tayoyi ma sun nuna birki ba ya kamawa. Hancin dama yakan ɗan fi sauran zafi amma wannan tazarar ta yi yawa, kuma ka ce nan aka taɓa. Zargina wanda ya canza maka sil ya ɗaure notin finiyon fiye da ƙima. Yara da yawa bututu suke sa wa sifana su hau kai da ƙafa, alhali notin nan shi ke saita matsin boris biyu na finiyon, akwai wani zoben ƙarfe a tsakaninsu da ke lotsewa daidai gwargwado in ana ɗaurewa. In ya lotse ya wuce, boris sun matse kenan, za su yi ta zafi shiru babu kuka har ranar da za su ci kansu, wataƙila su tafi da haƙoran kuraun.

Kada ka bari a ce za a ɗan sassauta notin kawai, zoben in ya lotse ba ya dawowa, finiyon zai koma yana wasa. A sa sabon zobe da sabon noti, a duba boris ɗin in sun canza launi sun yi shuɗi-shuɗi a canza su, a ɗaure a hankali ana gwada juyawarsa da ƙaramin sifana mai awo. Ka kai wa mai aikin aksul na ainihi ka tsaya a kansa. Kafin nan ka rage lodi da gudu, kuma in an gama ka sake aunawa a tafiyar farko tun ba ka yi nisa ba.