Zango da motar kwana a Big Bend: mu tafi a Yuni ko mu jira sanyi?

Baban Ihsan, Houston:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata shida a Teksas, ban taɓa kai yara ko'ina ba sai gidan yayana a Dallas. Bana uwargida ta ce ko dai a fita, ko ta kwashe su zuwa Gusau ta bar ni da tukunya. To na sa ido kan Big Bend, gandun nan na hamada da ke bakin kogin Rio Grande, kan iyakar Meziko. Niyyata in yi hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki, wadda suke ce wa RV, mai tsawon ƙafa 30. Mu biyar ne, autar shekararta 6. Kwana huɗu a watan Yuni, tunda lokacin makaranta na hutu. Ba na son inda motoci ke jere kamar tasha, can ciki nake so inda ba kowa, da rana mu taka mu ga duwatsu. Ruwa nawa zan ɗauka? Zafi dai ba baƙona ba ne, a Zamfara na girma.

Injiniya, El Paso:
Wa alaikumus salam. Baban Ihsan, cire Yuni daga lissafi. A bakin kogin zafin kan wuce digiri 40, kuma zafin Gusau akwai inuwar darbejiya da mai ruwan sanyi a kan kwana. Can babu ko ɗaya. Ga abin da ba a gaya maka ba: wuraren kwana na can ciki sai da takardar izini, kuma an hana kunna janareto. Babu janareto, babu na'urar sanyaya ɗaki, motarka ta zama tanda ke nan. Inda ake jona wuta da ruwa a cikin gandun shi ne Rio Grande Village, wato tashar da kake gudu.

Ƙafa 30 ma ta yi yawa. Hanyar hawa Chisos Basin, kwarin da ke can saman duwatsun tsakiyar gandun, ba a son motar kwana da ta wuce ƙafa 24, saboda kwana-kwana masu kaifi. Ni na taɓa shiga hanyar burji da motar haya, girgiza ta ɓalle ƙofar firji, miyar da madam ta kwana tana yi ta malale har ƙarƙashin gado. Da na mayar, kamfanin ya nuna mini inda na sa hannu cewa ba zan sauka daga kwalta ba. Na biya ina murmushin dole.

Tsohon direba, ɗan Agadas:
Ƙanena, ban san Big Bend ba, amma na yi shekaru ina jan mota tsakanin Agadas da Dirku. Kada ka lissafa tankin motar a cikin ruwan sha. Tanki ɗaya ne, in ya tsage a kan dutse ka tashi a tutar babu. Raba ruwa cikin jarkoki, ɗaya kuma a ɓoye ta, ba a taɓa ta sai an ga kwalta. Mu mukan naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu, iska na bugawa ruwan na yin sanyi kamar na salka.

Tafiyar ƙasa daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. In rabin ruwan hannunku ya ƙare, ku juya, ko da dutsen da kuke nema yana gabanku. Yaro ba ya cewa ƙishirwa, sai dai ka ga ya yi shiru ya daina rigima. Wannan shirun shi ne abin tsoro. Kuma kada ka yi zango a busasshen rafi don yashinsa na da laushi. Ana ruwa a kan duwatsu nesa, kai sama garau, sai kawai ka ji ƙugi. In mota ta mutu, a zauna wurinta.

Maman Sadiq, San Antonio:
Hukumar gandun ta ce galan ɗaya ga kowane mutum a rana, kusan lita 4, mu kuwa ga alwala, sai ka ƙara. Sannan ku ɗauki fasfo da takardun zama, na kowa. A hanyoyin fitowa zuwa garuruwan Marathon da Alpine akwai shingen jami'an tsaron iyaka, suna tambaya. Waya ba ta kamawa a yawancin wurare, mai kuma a cika a Panther Junction, inda hedikwatar gandun take. Yara su je Santa Elena, kwazazzabon da kogin ya ratsa, tafiyar ba ta kai mil biyu ba zuwa da dawowa, ga bangon dutse ƙafa 1,500 a kanka.

Baban Ihsan:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida, ta ce dama ita ta san Yuni hauka ne, ta dai yi shiru ne ta ga gudun ruwana. Mun mayar da shi hutun Disamba, da ƙaramar mota. Injiniya, tankin ruwan dattin nan fa, a ina ake juye shi, kuma sai na sa safar hannu ne?