Ƙungiyoyin agaji a Maiduguri: arziki suka kawo ko tsadar haya?

Ɗan Bulunkutu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya ina so masu sani su taimaka min. Ƙanina direba ne, shekara shida yana tuƙa motar wata ƙungiyar lafiya a nan Maiduguri, to tunda Trump ya sa hannu aka dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 aiki ya fara tangal-tangal, kafin a sha ruwan azumin ƙarshe an miƙa musu takarda wai kwantiragi ya ƙare. Yanzu Keke Napep yake ja ta haya. Yara biyar yake biya wa makaranta, uku nasa biyu na marigayi yayanmu, kuma mai shagon layinmu da ke ba su kaya bashi zuwa ƙarshen wata shi ma kuka yake. Abin da nake tambaya, kusan shekara goma kuɗin ƙungiyoyin agajin nan na shigowa garin nan, wai me ya rage mana a ƙasa? Wasu sun ce su suka tashi garin bayan Boko Haram ta durƙusar da kasuwa, wasu sun ce haya kawai suka tsauwala mana. Wanne ne gaskiya don Allah?

Baba na Monday Market:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya buɗa wa ƙaninka wata ƙofar. Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Lokacin da hanyar Baga ta mutu, kifi ya daina zuwa, hanyar Gamboru Ngala da ta Banki ba mai bi, wallahi da yawanmu da odar ƙungiyoyin nan muka riƙe shago. Bokiti, tabarma, bargo, sabulu, buta, tukunya, a zo a ce ana son dubu kaza kafin sati. Ni na sayar, ɗan dako ya ci, mai tifa da mai tirela sun ci, wanda ya ɗinka buhu ya ci. Gero da dawa da wake kuwa har Dawanau ta Kano ake saro su. Da suka koma ba 'yan gudun hijira kati su zo su ɗauki abinci a shago, ƙananan 'yan kasuwa ma sun samu. Amma maganar haya gaskiya ce, ban isa in musa ba, masu gidaje a GRA da hanyar Damboa sun ga masu biyan shekara biyu a dunƙule sai suka manta da malamin makaranta.

Maman Biyu:
Yaya Ɗan Bulunkutu sannu da haƙuri. Ni nas ce, na yi aiki a ɗakin yara masu tamowa, kuma ina ganin duk lissafin da ake yi ana barin babban abu a baya. Kowa albashi da haya da Hilux yake gani. Ba wanda ke lissafa akuyar da ba a sayar ba.

Bari in yi bayani. Uwa ta taho daga ƙauye da yaro ya kumbura ko ya zama ƙashi da fata, in asibitin kuɗi ne kafin a sallame su an sayar da akuya, wani lokacin har buhun da aka ajiye na iri, in abin ya yi tsanani a jinginar da gona, kuma duk wannan a tsakiyar damina yake faɗowa lokacin da rumbu ya ƙare ga zazzaɓin cizon sauro ga noma na jira. To inda ake kwantar da yaro kyauta, a ba shi madara da magani, a ciyar da uwar, akuyar nan tana nan a turke, baɗi ta haihu. Wannan kuɗi ne ya zauna a gidan talaka ko da ba wanda ya rubuta shi a takarda. Ku duba Jahun a Jigawa, tun 2008 likitocin Na-gari Na-kowa wato MSF ke karɓar haihuwa da yin aikin yoyon fitsari, matar da aka ɗinke ta koma tana ƙuli-ƙulinta tana shiga mutane, da fa ko abincin sayarwarta ba mai saye. Ko Zamfara a 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinare, wa zai iya biyan wannan maganin daga aljihunsa?

Shi ya sa janyewar nan take tsorata ni fiye da rasa aikinmu. MSF da kanta ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Katsina a wata shidan farko na 2025. Inna lillahi. Duk wanda ya taɓa riƙe irin yaran nan a hannu ba zai karanta wannan adadin ya yi barci ba.

Abu Hanifa 77:
Hajiya ban ƙi taki ba ko kaɗan, Allah ya saka muku. Amma a faɗi ɗaya gefen. Ƙwararrun ma'aikatan asibitin gwamnati nawa ne suka ajiye aiki suka koma ƙungiyoyi saboda albashi ya ninka? Asibitin ƙaramar hukuma ya zauna ba kowa. Sannan gwamnatocinmu suka samu wurin jingina, tunda akwai mai sayen maganin tamowa da na ƙanjamau da gidan sauro sai aka bar musu. Sai da aka dakatar da tallafin USAID, wato hukumar agajin Amurka, aka ji gwamnatin tarayya ta saka dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin lafiya, to ashe ana iyawa? Ga abincin gyaɗar nan na yara masu tamowa da aka rubuta ba na sayarwa ba ne, muna ganinsa a kasuwa, wannan kuma mu muka cuci kanmu ba bature ba. Ni a ganina rumfa aka kafa mana muka ɗauka gini ne.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku bari in sa baki daga Maraɗi don mu mun riga ku shiga wannan makaranta, tun yunwar 2005 ƙungiyoyi sunka cika garinmu. Abin da na lura, porje, wato aikin ƙungiya, in ya tashi mota ta tafi, gidan haya ya koma wa mai shi, amma abu biyu ba su tafiya. Na ɗaya mutanen da anka horar, yau akwai ɗiyan Nijar lokotoro da nas da sunka fara daga nan suna aiki har wasu ƙasashe, kuma akwai ƙungiyoyinmu na gida irin BEFEN da ke riƙe da aikin tamowa a Mirya. Na biyu abin da anka sarrafa a gida, a Yamai akwai masana'antar STA da ke yin wannan abincin gyaɗar. To in gyaɗarmu ce, ma'aikatanmu ne, kuɗin ya zagaya cikinmu kenan. Ku da Kano ta yi dalar gyaɗa ai ba ku da uzuri. Ko uwaye ma an koya musu auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai ja da rawaya da kore don gane tamowa, wannan ilimin ba mai janye shi.

Ɗan Bulunkutu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba amin, na gode da addu'a. Maman Biyu wallahi maganar akuyar nan ta taɓa ni, don mu ma lokacin ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024 'yar ƙanina ta kamu da gudawa, a tantin wata ƙungiya aka ƙara mata ruwa ba mu biya ko sisi ba, kuma ban taɓa sa shi cikin lissafi ba sai yau. Malam Abu Hanifa taka ma tana kan hanya. Shi ƙanin nawa an koya musu taimakon gaggawa da yadda ake ɗaukar mara lafiya da kula da akwatin sanyi na allurar rigakafi, yana da takardun duka. In akwai wanda ya san asibiti ko kilinik da ke neman direban motar ɗaukar marasa lafiya, a Maiduguri ko Damaturu ko ma Kano ne, don Allah ya yi min magana.