Wa Ke Da Gefen Gona? Musayar Waƙa Kan Kala

Malamin Lahadi, Zuru:
Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Karatunmu na Lahadin da ta wuce littafin Rut sura 2 ne, cikin Littafi Mai Tsarki, inda Rut mutuniyar Mowab ta shiga gonar Bo'aza a Baitalami tana kala bayan masu girbin sha'ir, don ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi. Da aka tashi sujada na bi ta wata gonar dawa da aka gama yankewa. Ko zangarniya ɗaya babu a ƙasa, an share ta kamar ɗakin amarya. Shi ne na ce bari in jefa baiti, mai amsa ya amsa.

Kaka ta yi, mun yanke dawa,
Rumbu ya cika, muna ta godewa,
Amma ina rabon mai yunwa?
Littafin Firistoci sura 19 ta gargaɗi kowa:
Gefen gona ba naka ba ne na yankewa,
Abin da ya zube kada ka koma tsincewa,
Na baƙo ne da matalauci, su zo kwasowa.
Mu ko mun bi gona har da sharewa,
Sa'an nan mu zo coci muna rerawa.

Manomin Fadama, Yauri:
Malam, waƙarka ta yi zaƙi,
Amma ka taɓa taya buhun taki?
Bashi na ci tun kafin in fara aiki,
Mai injin ban-ruwa na tsaye bakin ɗaki.
A 2020 ruwa ya zo mana kamar yaƙi,
Kwara ta cika ta tumbatsa har baki,
Shinkafa ta nutse, muka koma riƙe baki.
Bo'aza attajiri ne, da masu yi masa aiki,
Ni ko daga ni sai lauje da tsohon jaki.
Wanda bai ƙoshi ba, me zai bari a faƙo ko saki?

Inna Mai Kala, Dabai:
Jikata ce ke danna mini wayar, ni ina faɗa. In an ga kuskure nata ne.

Ɗana na Yauri, bari in sa bakina,
Shekara shida ke nan da rufe mijina.
Ba ƙoƙon bara ba ne a hannuna,
Tsohon buhu ne, da sauran ƙarfin bayana.
In an bar kala, ni ce zan sha rana,
In duƙa, in tsinta, in sussuke da kaina,
In kai gida in ce wa jikokina:
Ga abin da kakarku ta samo a gona.
Kwanon tsaba gaban jama'a da kiran sunana,
Yakan cika ciki, amma yakan hana ni kwana.
Ba na raina kyauta, Allah ya ga zuciyata da nufina,
Amma tuwon guminka daban yake, ɗana.

Ɗan Ƙungiyar Mawaƙa, Birnin Kebbi:
Kai! Inna ta kashe bakin kowa. Ni dai ƙari zan yi, don akwai ayar da mutane kan tsallake.

Inna kin gama magana, nawa ƙari,
Bo'aza bai tsaya iyakar doka ba tun fari.
A aya ta 16 ya ja kunnen samari:
Ku zaro daga dami, ku yar, ku wuce da sauri,
Ban da tsawa, ban da harara, ban da gori.
Rut na ta tsinta, ba labarin wani shiri,
Da yamma ta sussuke, kusan garwa ta sha'iri,
Na'omi ta ga hatsi ta ce, a ina kika yi wannan tari?
Baƙuwar da ta zo ba gona ba gari,
Ta haifi Obida, kakan Dawuda mai garaya da kirari,
Matiyu ya sa sunanta a zuriyar Yesu, can a layin fari.

Manomin Fadama, Yauri:
Inna, ki gafarce ni, ban ce ke ba.
Bara fangali uku na bari ban yanke ba,
Gari bai gama wayewa ba, raɓa ba ta bushe ba,
Samari suka zo da babur, ba da ƙwarya ba,
Suka kai kasuwa, ko sannu ba su ce ba.
Gwauruwar unguwarmu ko tsaba ba ta gani ba.
To Malam, wace aya ce ban karanta ba?

Malamin Lahadi, Zuru:
Wannan tambaya ta fi waƙata nauyi, sai da na koma na sake buɗe surar. Ashe Bo'aza bai bar kala ya tafi gida ba. Yana cikin gonar, ya gai da masu girbi, ya lura da baƙuwar fuska, ya tambayi shugabansu. Daga nan ya ce mata kada ta tafi wata gona, ta sha ruwa daga tulunan da samari suka ɗebo, ya kuma hana su taɓa ta.

Aya ta 5 ce, ɗan'uwa, buɗe littafinka,
Mai gona ya zo da ƙafarsa, kamar kai da gonarka,
Ya ce 'yar wa ce wannan? Kai wa ka tambaya a naka?
Ka bar fangali, ka tafi ka yi barcinka.
Ka aika wa gwauruwar tun daren da za ka yanka,
Ta shigo tare da masu lauje, a kan idonka,
Mai babur ba ya ɗiba in ya hango inuwarka.

Maman Yara, Zuru:
Ni ce matar Malam. Na yi shiru na gaji.

Maigida, tun da zance ya zama na gaskiya,
Wa ya sa yara roron gyaɗa har da tsintsiya?
Kurciya ta sauka, ta tashi ba ko ƙwaya ɗaya,
Wa'azi a coci, rowa a gona, ina kunya?

Malamin Lahadi, Zuru:
An kama ni. Gonar gyaɗar ta riga ta wuce, amma waken bai shigo ba tukuna. Inna, ki shirya buhunki.

Manomin Fadama, Yauri:
Alhamis mai zuwa zan sa lauje, in Ubangiji ya yarda. Na riga na tura yaro gidan gwauruwar. Inna, ke kika san aikin, wane lokaci ya fi muku?

Inna Mai Kala, Dabai:
Da hantsi, ɗana, in raɓa ta sha rana,
Jiƙaƙƙiyar shinkafa nauyi gare ta a bayana.
Ka ajiye tulu a inuwa gefen gona,
Ka kori masu babur, sa'an nan ka zauna.
Amma kada ka tsura mata ido tana duƙawa, ɗana,
Ka juya baya, ka yi kamar kana ƙirga damman gona.