Wai nauyin bakin ɗana gadon gidanmu ne

Maman Khalifa: Salamu alaikum jama'a, yau raina a ɓace yake wallahi. Khalifa shekara ukku da wata huɗu har yanzu bai haɗa kalma biyu, sai dai ya ce "ruwa" ya nuna randa da yatsa. Jiya gaban baƙi uwar mijina ta ce wai gado ne, danginmu duk nauyin baki gare mu. Ni ko na kai shi asibiti nan Gusau, likita ya ce ƙwayoyin halittar da yaro ke ɗaukowa wajen iyaye su ke tsara ginin ƙwaƙwalwa, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba, wasu a kunne wasu a kashe kamar makunnin lantarki, kuma abinci da ciwo da yadda ake kula da yaro duk suna taɓa abin. Rabi nawa rabi na ɗanta, don mi za a ɗora mani ni kaɗai?

Baban Zara'u: Hajiya ai kin amsa da bakinki, gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki ba Inna haƙuri kawai.

Anti Nas: Ba haka ta ce ba malam, ka sake karantawa. Jariri ana haihuwarshi da ƙwaƙwalwa kamar kashi 25 cikin 100 na ta babba, kafin ya cika shekara 2 ta kai wajen kashi 80, shi yasa muke ta nanata kwana 1000 na farko tun daga ɗaukar ciki. Ƙanwata ki sa a duba mashi kunne, yaron da bai ji sosai magana na yi mashi wuya.

Ustaz na Tsafe: Ku daina wasa da kalmar gado, gado dukiya ce da Allah ya raba cikin Suratun Nisa'i. Basira kyauta ce, Shi ke ba wanda ya so.

Baban Zara'u: To Ustaz sikila fa, ba gadonta ake ba? Ko ita ma sai an kira alƙali ya raba?

Ustaz na Tsafe: Wannan jini ne ba gado ba.

Ɗan Anka: Ku je Bagega, ƙauyen da ke ƙasar Anka, ku faɗi maganar jini. A 2010 da gubar dalma ta ɓulla garuruwan Anka da Bukkuyum yara sama da 400 sunka mutu, duwatsun zinari masu dalma a ciki ake daka cikin gida, ƙurar na sauka cikin kwanon tuwo, yara na rarrafe cikinta suna sa hannu baki. Ɗan yayata ya rayu amma har yau in ka aike shi kasuwa kafin ya kai ƙofa ya manta saƙon, uwarshi ko ta sauke Alƙur'ani tana ƴar shekara 12. Wane gado?

Hajiya Yauri: Ku kuma auren zumuncin ga da kuke ta yi ba ku gwaji, ɗan wa da ɗiyar ƙane, a haifa a sake haɗawa.

Ɗan Anka: Su wa "ku"? Kabi ba a auren zumunci ne?

Hajiya Yauri: Mu dai kifi muke ba ɗiyanmu tun ana yaye.

Baban Zara'u: Hajiya kar ki zagi iyayenmu, babana da innata ƴan wa da ƙane ne kuma mu tara lafiya lau.

Maman Khalifa: Don Allah ni maganar ɗana nike, gwajin kunnen ina ake yinshi kuma nawa ne?

Ustaz na Tsafe: Ni dai a janye kalmar gado tukuna.

Baban Zara'u (admin): To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita. Mafi yawa sun yarda abin daga jini yake, ita kanta Anti Nas ba ta musa ba. Maganar dalma ta Anka da Bukkuyum ce. Maganar auren zumunci an rufe ta, wanda ya sake tadowa zan cire shi. Maman Khalifa ki yi biyayya ga surukarki, babba ba ta faɗin abu banza.

Anti Nas: Ni ban yarda da komi ba, kar ka sa mani magana a baki. Maman Khalifa ki koma asibitin ki ce a tura ku sashen kunne da hanci da maƙogwaro, na turo maki saƙo ta gefe.