Faɗuwa gaisuwa gaban sarakuna ta zama tsohon yayi ne? Tambaya daga Mile 12

Ɗan Gwari, Mile 12:

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta 'yan kayan gwari za ta kai gaisuwa wuri biyu bayan Sallah: fadar Sarkin Hausawa, sannan fadar Oba, wato sarkin Yarbawan yankin da rumfunanmu suke, domin akwai maganar wurin sauke kaya da muke so a sa mana baki. Kan 'yan tawaga ya rabu. Matasa sun ce cire takalmi da zubewa ƙasa da "ranka ya daɗe" duk abin da ne, sarkin yau ba shi da kotu ba shi da ɗan sanda, a miƙa masa hannu a gaisa kamar kowa. Dattawa sun ce wanda ba zai durƙusa ba ya yi zamansa a gida. Ina roƙon masana su warware mana: me ake yi daki-daki, me ya zama dole, me za a iya bari, kuma ina iyakar da addini ya sa?

Bakanon Agege:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da fadarmu, tunda ita ce ta farko a tafiyarku.

Kafin ranar, ku aika takarda ga sakataren fada ko Wakili, aƙalla mako guda, ku rubuta sunan ƙungiya, yawanku da abin da ke tafe da ku. Tawaga kada ta wuce mutum biyar zuwa bakwai. In kuka kwashi mutum ashirin, zaure ya cika, rabinku na waje suna waya, magana ta watse. Ku zaɓi mai magana ɗaya tun daga gida, ku kuma shirya abin da zai faɗa, kada ya wuce minti uku zuwa biyar.

A bakin ƙofa ake cire takalmi, ba sai an taka shimfiɗa ba. Hula kuwa tana kai, a wurinmu shiga gaban babba kai ba hula shi ne rashin ladabi. A kashe ƙarar waya. Babban tawaga ne ke gaba, ya yi sallama, in an ba da izini ku shiga. Kamar taku uku ko huɗu kafin kujerar sarki sai ku durƙusa, ku dunƙule hannun dama ku ɗaga, na hagu ya tallafi gwiwar hannun, wannan ita ce jinjina. Ku ce "Allah ya ja zamanin sarki" ko "Allah ya taimaki sarki". A manyan fadoji irin Gidan Rumfa ba lalle sarki ya amsa da bakinsa ba, dogarai ne za su ɗauka da ƙarfi: "An gaishe ku!" Kada wani ya ɗauka an share shi, amsar ke nan. A nan Legas abin bai kai haka tsanani ba, sau da yawa sarki da kansa zai amsa, har ya tambayi kasuwa da mutanen gida.

Hannu: ba kai ke fara miƙawa ba. In shi ya miƙo, ka karɓa da hannu biyu kana ɗan sunkuye. Zama: inda bafade ya nuna maka, ka tanƙwashe ƙafa, kada ka miƙe ta tafin yana kallon sarki, in kujera ce kada ka ɗora ƙafa kan ƙafa. Ba a katse shi, ba a nuna shi da yatsa, ba a tsaya masa a ka yana zaune. In za ku fita a rufe da addu'a, ku ja da baya taku biyu ko uku kafin ku juya. Hoto sai an nemi izini, kuma bayan an gama magana.

Inda aka fi yin ɓarna wuri biyu ne. Na farko, mutum uku su riƙa tsoma baki lokaci guda, kowa da nasa bayanin, sai fada ta gane ku kanku ba ku daidaita ba, a ce ku je ku dawo. Na biyu, mai magana ya cika kirari har lokaci ya ƙare bai faɗi buƙata ba. Gaisuwa, godiya, buƙata, addu'a, shi ke nan. Ku bar kwafin buƙatar a rubuce a hannun sakatare, domin abin da aka faɗa da baki ranar da tawaga biyar suka zo yana iya bin iska.

Ni a ganina wannan tsari bai tsufa ba, domin aiki yake yi. Shi ke hana talaka da attajiri yin rige-rigen magana, shi ke sa mai fushi ya sauke murya kafin ya fara.

Hajiyar Obalende:

Alhaji ya gama da tamu. Ni ta Yarbawa zan yi, domin a nan ne 'yan'uwanmu suka fi tuntuɓe, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada, tunda mu baƙi ne a ƙasarsu.

Gaisuwar namiji a wurinsu ita ce idobale, wato ya kwanta rub da ciki, ƙirji a ƙasa. Mace kuma ta sa gwiwa biyu a ƙasa. Kalmar gaida sarki ita ce "Kabiyesi", a ja ta a ce "Kabiyesi o". Akwai addu'ar da suke so ƙwarai, "kade pe lori, ki bata pe lese", ma'ana kambu ya daɗe a kai, takalmi ya daɗe a ƙafa. Bahaushen da ya iya wannan jimla ɗaya, za ka ga fuskar fadawa ta saki nan take.

Ba a tilasta wa baƙo Musulmi ya kwanta. Su kansu sarakunan da yawa Musulmi ne, Oban Legas Rilwan Akiolu da ke kan gado tun 2003 Musulmi ne. Durƙuso da jinjina da "Kabiyesi" sun wadatar, amma da sharaɗi: a gaya wa sakataren fada tun kafin a shiga cewa tawaga za ta yi gaisuwa irin ta Arewa. In ba a faɗa ba, sai a ga kamar girman kai ne. Ku kuma tambaye shi zancen hula, domin a wasu fadojinsu cire ta ne ladabi, akasin namu. Wanda ya ga lokacin bikin Eyo, bikin dodanni na gargajiya a tsibirin Legas, ya san yadda suke ɗaukar wannan: ba hula, ba takalmi a gaban masu Eyo, wanda ya ƙi ya sha sanda.

Kada ku tsallake Baale. Tsarinsu hawa-hawa ne, Baale na unguwa, sannan Oba, kamar yadda muke da mai unguwa da dagaci da hakimi. In maganar kasuwa ce, Iyaloja ko Babaloja, wato shugabannin kasuwa mace da namiji, su san da tafiyarku. Tawagar da ta haura kai tsaye wurin Oba, takan dawo ta tarar da na ƙasa sun ɗaure mata fuska, kuma da su za ku kwana ku tashi. Mafi kyau Sarkin Hausawa ya haɗa ku da wakilinsa ya yi muku jagora, da kuma wanda ya iya Yarbanci sosai. Kada ku miƙa komai da hagu. Kada ku kira sunan Oba tsirara, ko da kun san shi tun yana aikin gwamnati.

Su matasan da ke cewa a bari, su tuna rikicin Mile 12 na Maris 2016, da aka rasa rayuka aka rufe kasuwa. Irin wannan rana, waɗanda ake kira a zauna su ne sarakunan Hausawa da Baale da Oba da shugabannin kasuwa. Ƙofar da ba ka taɓa gaisuwa a cikinta ba, da wuya ta buɗe maka da tsakar dare.

Almajirin Idi-Araba:

Allah ya saka wa Alhaji da Hajiya. Ta fuskar addini a rarrabe abu uku, kada a cakuɗa.

Girmama shugaba da dattijo, da tausasa murya, da yi masa addu'a, wannan abin so ne, ba mai jayayya. Miƙewa don tarbar babba ma malamai da yawa sun halatta, suna kafa hujja da abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mutanen Madina game da Sa'adu ɗan Mu'azu: ku tashi zuwa ga shugabanku. Sujada ga wanin Allah kuwa haramun ce ko da da niyyar gaisuwa. Mu'azu ɗan Jabal da ya dawo daga Sham ya yi wa Annabi sujada saboda ya ga ana yi wa manya haka a can, Annabi ya hana shi. Saboda haka goshi ba ya taɓa ƙasa don mutum, sarkinmu ne ko na wasu.

Na tsakiya shi ne sunkuyo. Akwai hadisin Anas a Tirmizi da aka tambayi Annabi ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Daga nan wasu malamai suka karhanta, wasu suka haramta in ya kai siffar ruku'u. Durƙuso a kan gwiwa ko zama a ƙasa, baya a miƙe, kai a ɗage, ba ruku'u ba ne ba sujada ba ce, shi ya sa shi ne mafita ga wanda yake tsoron shubuha.

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba. Ibn Battuta da ya je Mali wajen 1352 ya ga mutane na watsa ƙasa a kansu gaban sarki, bai ji daɗin abin ba. Hausa ma tana da sunan wannan, afi, kuma yau ba mai yin sa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya soki kyautar da ake tilasta kai wa masu mulki da sunan gaisuwa. A zamaninmu Sarki Abdullah na Saudiyya a 2005 ya ce a daina sumbatar hannunsa. Ke nan ladabin fada yana canzawa, kuma daga cikin gida ake canza shi.

Lauyan Ikeja:

Ina girmama dattawa, amma kada a yi wa matasan nan kallon marasa tarbiyya, domin abin da suka faɗa na doka gaskiya ne. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki a rubuce ba. Gwamna ke ba da sanda, shi ke iya karɓewa: an sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, an sauke Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005, a Kano an raba masarauta a 2019, an cire Sanusi na biyu a Maris 2020, wata gwamnatin ta dawo da shi a Mayun 2024. A Satumban 2023 a garin Iseyin na Jihar Oyo, Obasanjo ya sa sarakunan Yarbawa suka miƙe tsaye a bainar jama'a, ƙasa ta ɗauki surutu. Ƙin cire takalmi ma yana da tarihi, 'yan jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano sun yi shi tun shekarun 1950 don nuna wa talaka cewa shi ma mutum ne.

Abin da ya tsufa a wurina ba durƙuso ba ne, shirun da ke biyo bayansa ne. Mutum ya zube, a gaya masa abin da ya san zai cuce shi, ya ce "godiya nake", ya fito yana gunaguni a waje. A Ingila ma fadarsu ta ce ba dole a rusuna wa sarki, wanda ya so ya ɗan sunkuyar da kai, wanda ya so ya gaisa da hannu, kuma sarautar na nan. Tailan kuwa har yau sukar sarki na jawo ɗaurin shekara 3 zuwa 15. Mu ba mu da irin wannan doka, kada mu ɗora wa kanmu ita da hannunmu.

Saboda haka a aikace: Oba zai iya sa baki, zai iya kiran ɓangarori, amma izinin wurin sauke kaya na ƙaramar hukuma ne ko na gwamnatin jiha. Duk abin da aka amince a fada, ku bi shi har ya zama takarda mai hatimi daga hukumar da abin ya shafa. Kada ku sa hannu a kan komai a cikin fada saboda kunya. Ku ce, "Kabiyesi, a ba mu dama mu koma mu sanar da sauran 'yan ƙungiya." Ba wanda zai ce wannan rashin ladabi ne.

Ɗan Gwari, Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura biyu: me za mu riƙe a hannu, kuma yaya za mu yi da matasa biyun da suka rantse ba za su durƙusa ba? Su ne suka fi iya lissafin kuɗin da ake karɓa a wurinmu, ba ma son barin su.

Bakanon Agege:

Fadar Sarkin Hausawa, ƙwaryar goro ɗaya, wato guda ɗari, mai kyau wanda bai bushe ba, a naɗe cikin ganye, da kwandon abin da kuke sayarwa, tumatir ko albasa ko tattasai, zaɓaɓɓe. A miƙa wa bafade, ba a ajiye shi gaban sarki da kanka ba. Fadar Oba ma kayan sana'arku sun fi komai dacewa, a haɗa da namijin goro, wanda suke kira orogbo, suna daraja shi. Al'adarsu akwai kai kwalbar giya, ku ba dole ba ne, katan ɗin ruwa ko na lemo ya tsaya a madadinta, sun saba da haka daga Musulmi. Ɗan abin da za a ba masu tsaron ƙofa a sa a ambulan daban, ma'aji ya rubuta shi a littafin ƙungiya. Amma kada a haɗa kuɗi mai nauyi da takardar buƙata a rana ɗaya, sai gaisuwa ta koma wani abu, kuma baɗi za a jira ku da ninkinsa.

Matasan kuwa ku tafi da su. Su shiga a sahun baya, su cire takalmi, su yi sallama, su wuce kai tsaye su zauna a ƙasa tare da kowa, su ɗaga jinjina daga zaune. Ba wanda ya sunkuya, ba kuma wanda ya tsaya ƙiƙam a kan mutane, wanda shi ne abin da fada ba ta jurewa. In an zo kan lissafi, mai magana ya ce, "Allah ya taimaki sarki, ga yaronmu zai karanto adadin," sai ya karanta daga inda yake zaune, ya miƙa wa sakatare takardar da hannu biyu.