Eka biyar a hanyar Offinso: me zan duba kafin in biya?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. An yi mini tayin gona eka biyar a wani ƙauye kan hanyar Kumasi zuwa Offinso. Mai sayarwa ya nuna mini takardar alokeshin (ta ba da fili) mai hatimin odikro, wato sarkin ƙauyen, ya ce in ba da rabin kuɗi ranar Juma'a. Takardar nan ta isa?

Baba Safiyo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Alokeshin shaida ce kawai cewa sarki ya nuna wa wani wuri, ba takardar mallaka ba ce. Fara da sanin asalin ƙasar: ta kujerar sarauta ce ko ta dangi? Yawancin ƙasar Asante ta kujera ce, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana a yi wa irinta sayarwar har abada. Haya ce ta shekaru. Ɗan Ghana kan sami 99 a filin gida, na noma bai kan kai haka ba, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce 50. To ka tambaya shekara nawa suka rage wa mai sayar maka, don ragowar tasa kake saye.

Sannan ka ɗauki safiyo mai lasisi, naka ba nasu ba. Eka ɗaya kusan ƙafa 209 ce kowane gefe, amma a ƙauye da igiya ake awo, kuma igiyar wannan gari ba ta wancan ba ce. Biyar ɗin sai ta dawo huɗu da ɗoriya. Ranar awo a kira duk maƙwabtan gonar su tsaya kan iyakarsu, a bi itatuwan ntome da aka dasa don nuna iyaka, a kafa fila na siminti a gabansu. Da taswirar nan za ka je Hukumar Filaye nan Kumasi a yi maka bincike a rubuce: sunan wa ke kan wurin, an jinginar da shi a banki, gwamnati ta taɓa karɓe shi? In sunan da ya fito ba na mai sayarwa ba ne, magana ta ƙare.

Hajiya Asawase:
Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara da batun hannuwa. Odikro mai riƙo ne, sai omanhene, babban sarkin yankin, ya sa hannu, in kuma ƙauyen na ƙarƙashin Kumasi kai tsaye, sai takarda ta bi ta ofishin filaye na Manhyia, fadar sarkin Asante, sannan Hukumar Filaye ta amince. In ta dangi ce, abusuapanin, wato shugaban dangi, shi kaɗai bai isa ba, sai da manyan gidan. Dokar filaye ta 2020 ma ta ce ƙasar da aka samu cikin aure ba a sayar da ita sai da rubutaccen yardar mata ko miji. Mutanenmu suna raina wannan, shi ne kuma ke kai su kotu.

Karanta bayan alokeshin ɗin da kyau. Sau da yawa akwai sharaɗin a fara aiki cikin shekara ɗaya ko biyu, in ba haka ba sarki ya karɓe abinsa. Mai yiwuwa wa'adin mutumin ya riga ya wuce.

Manomi Tafo:
Ɗan'uwa, je ka taka gonar da ƙafarka, ba tare da dillali ba, kuma cikin Yuni lokacin da ruwa ya kankama. A nan za ka ga inda ruwa ke kwanciya da ko mota na shiga. In ka tarar da koko ko rogo a ciki, nemi mai shukar: ƙila yana kan yarjejeniyar rabo da mai gona, abunu, wato raba biyu, ko abusa, raba uku, kuma ba ya tashi sai an biya shi. Duba launin rafi, in ya yi ja kamar kunun kanwa akwai masu galamse, wato haƙar zinariya ba izini, a sama. Ka leƙa sashen tsara gari na asambule, wato majalisar gunduma, ka ga ko an shata hanya ko layin wuta ta wurin.

Baba Safiyo:
Na manta: biya ta banki, kashi-kashi, kashin ƙarshe bayan an sa hannu kan indenca, wato takardar yarjejeniyar cinikin, gaban lauya da shaidu. A biya kuɗin hatimi, a kai rajista nan take, kuɗin ƙasa na shekara kuma a ajiye rasitinsa.